Darasi na Tara: Wa Ke da Ƙasar da Teku Ya Rufe?

Teku ba ya tsayawa wuri ɗaya. A yawancin gaɓoɓin duniya, sau biyu a kwana ɗaya ruwa yakan ciko ya hau tudu, sau biyu kuma ya janye ya bar laka da rairayi a fili. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taya shi. Duk wanda ya tashi a bakin kogin Haɗeja ko gulbin Rima ya san yadda ruwa kan cinye fadama da damina ya sake ta da rani, ya kuma san irin ƙurar da kan tashi a kan wa zai shuka wurin da ruwa ya saki. To, a bakin teku kullum ne ake wannan cikowa da janyewa. Shi ya sa tambayar da ake ganin ba ta da wuya, wato ina ƙasar jiha ta ƙare, ina teku ya fara, ta cinye shekarun alƙalai da 'yan majalisa masu yawa.

A wannan darasi za mu bi yadda aka kai ruwa rana a kan wannan batu a Amurka, tsakanin gwamnatin tarayya da ke Washinton da jihohin bakin teku. Daga nan mu dawo gida, domin kuɗin da ake rabawa kowane wata a Abuja har yau yana ɗauke da tabon irin wannan rigima.

Bakin teku gida uku ne

Wanda ya cakuɗa waɗannan gidaje uku ba zai gane kan shari'ar ba. Na farko shi ne zirin da ke tsakanin inda ruwa ke kaiwa in ya ciko da inda yake komawa in ya janye: yanzu ƙasa, an jima ruwa. Na biyu shi ne ƙasan tekun da ruwa ba ya taɓa saki, daga layin janyewar ruwa zuwa mil 3 cikin teku. Na uku shi ne abin da ke gaba da haka. Nahiya ba ta yankewa a bakin ruwa. Takan ci gaba a ƙarƙashin teku tana gangarawa a hankali, wani wuri kilomita kaɗan, wani wuri ɗaruruwa, kafin ta rufta cikin zurfi. Wannan shimfiɗa za mu kira ta dakalin nahiya.

Mil ɗin da ake nufi a nan mil na teku ne, mita 1,852, saboda haka mil 3 ya kusa kilomita 5.6. Me ya sa uku? A 1702 wani masanin shari'a na ƙasar Holan, Cornelius van Bynkershoek, ya yi bayanin cewa ikon ƙasa a kan teku yana ƙarewa ne inda ƙarfin makamanta na tudu ya ƙare, wato iyakar inda harsashin igwa zai kai. Daga baya aka ƙiyasta wannan nisa da mil 3. A 1793 Thomas Jefferson, yana sakataren harkokin wajen Amurka, ya sanar da Ingila da Faransa, waɗanda ke yaƙi da juna a lokacin, cewa ƙasarsa ta ɗauki wannan nisa a matsayin ruwanta. Ku riƙe wannan shekara, za ta yi mana amfani a gaba.

Gida na farko ba a daɗe ana jayayya a kansa ba. A 1842 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a wata shari'a daga jihar New Jersey, a kan wa ke da ikon tonon wani abincin teku mai ɓawo a ƙasan ruwa. Ta ce lokacin da yankuna 13 na farko suka ƙwaci kansu daga Ingila, haƙƙin da sarkin Ingila yake da shi a kan ƙasan ruwan da jirage ke bi ya koma hannun mutanen kowace jiha. A 1845, a shari'ar Pollard da Hagan, aka kawo gardamar wani fili a birnin Mobile na jihar Alabama, wanda ruwa kan rufe in ya ciko. Alabama ba ta cikin jihohi 13 na farko. A 1819 ta shiga tarayya, kuma bayan shigarta ne gwamnatin tarayya ta mallaka wa wasu wannan fili. Kotu ta ce tarayya ta yi kyauta da abin da ba nata ba, domin sabuwar jiha tana shigowa ne kafaɗa da kafaɗa da tsofaffin, duk haƙƙin da suke da shi ita ma tana da shi.

Shekara ɗari aka yi kowa yana ɗaukar cewa wannan hukunci ya haɗa har da gida na biyu. Jihohi suna ba da izinin kamun kifi, suna gina tashoshin jiragen ruwa, suna cike bakin ruwa suna sayar da filaye, tarayya ba ta ce uffan ba. Kai, in tarayya tana son gina wani abu a wurin, sau da yawa daga hannun jiha take neman fili.

Da mai ya fito

A ƙarshen shekarun 1890, a Summerland kusa da Santa Barbara a jihar Kalifoniya, masu haƙar mai suka lura cewa rijiyoyin da suka fi kusa da ruwa sun fi kawowa. Sai suka gina gadoji na katako suka shiga cikin teku, suka kafa injunansu a kai. A 1921 Kalifoniya ta yi dokar ba da hayar ƙasan tekunta ga masu haƙa, ta riƙa karɓar kaso a kan abin da aka haƙo. A 1933 Harold Ickes, sakataren harkokin cikin gida na Shugaba Franklin Roosevelt, ya ƙi bai wa wani mai nema izinin tarayya, ya rubuta masa cewa wurin na jiha ne. Zuwa 1937, da aka ga yawan man da ke kwance a gaɓar Long Beach da kewaye, kuma rundunar sojan ruwa ta fara lissafin man da za ta buƙata in yaƙi ya ɓarke, Ickes ya sauya magana.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗan danne batun. Yana ƙarewa abubuwa suka zo a jere. Ran 28 ga Satumba 1945 Shugaba Harry Truman ya shelanta wa duniya cewa arzikin da ke dakalin nahiyar Amurka yana ƙarƙashin ikon Amurka. Wannan shela ce ta buɗe wa sauran ƙasashe ido, kowace ta fara miƙa hannu cikin teku. A shekarar ce kuma tarayya ta maka Kalifoniya a Kotun Ƙoli. Majalisar dokoki ta yi ƙoƙarin riga kotu: a 1946 ta zartar da ƙudurin sallama wa jihohi, Truman ya hau kujerar na-ƙi.

A tsakiyar wannan ne aka yi wani abin kunya da ke nuna irin kuɗin da ke yawo a bayan fage. Truman ya zaɓi Edwin Pauley, attajirin mai daga Kalifoniya kuma tsohon ma'ajin jam'iyyar Dimokurat, ya zama mataimakin sakataren sojan ruwa. Ickes ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa Pauley ya taɓa gaya masa masu mai za su iya tara wa jam'iyya dala 300,000 in aka fasa kai ƙara. Pauley ya musanta. Truman ya tsaya wa mutuminsa, Ickes ya ajiye aiki a Fabrairun 1946, shi kuma Pauley bai samu kujerar ba.

Ran 23 ga Yuni 1947 kotu ta yanke hukunci, alƙalai 6 suka rinjayi 2, Mai shari'a Hugo Black ya rubuta ra'ayin masu rinjaye. Hujjarsa ƙafa biyu take da ita. Ta farko tarihi: a 1776, da yankunan suka sami 'yanci, ba a riga an tabbatar da ƙa'idar mil 3 a duniya ba, gwamnatin ƙasa ce ta yi iƙirarinta daga baya, tun daga wasiƙar Jefferson, don haka jihohi ba za su gaji abin da babu shi ranar rabon gado ba. Ta biyu tsaro: daga layin janyewar ruwa zuwa gaba fage ne na yaƙi da sulhu da hulɗa da ƙasashen waje, kuma wannan aikin tarayya ne. Hukuncin Pollard, in ji shi, ya tsaya ne a kan zirin cikowa da janyewa da ruwayen cikin gida irin su koguna da tashoshi.

Abin lura, kotu ba ta fito fili ta ce tarayya ce mai ƙasar ba. Cewa ta yi Kalifoniya ba ta mallake ta ba, kuma haƙƙin tarayya ne ke sama da na kowa a wurin, har da iko a kan man da ke ciki. Mai shari'a Felix Frankfurter, ɗaya daga cikin biyun da suka saɓa, ya kama ta a nan. Ya ce iko daban, mallaka daban. In aka auna, maganarsa tana da nauyi: sojan tarayya ne ke tsaron gonakin jihar Kansas ma, amma ba wanda ya ce alkamar da ke ciki ta tarayya ce. Sai dai su ma jihohi hujjarsu ba ta rasa rauni ba, domin ba su da jirgin yaƙi ko ɗaya da za su hana baƙo shiga ruwan da suke cewa nasu ne.

Teksas ta ja daga

Kalifoniya ta sha kaye, amma Teksas ta ce ita shari'arta daban ce, kuma da gaskiyarta. Daga 1836 zuwa 1845 Teksas jamhuriya ce mai cin gashin kanta, da tutarta da jiragen yaƙinta. A 1836 majalisarta ta ja iyakarta a cikin mashigin tekun Meksiko a nisan lig 3, bisa awon da ta gada daga Sifaniyawa, wato mil 9 na teku, kimanin kilomita 16.7. Da za ta shiga tarayya, sharaɗin da aka yi shi ne ta riƙe basussukanta, ta kuma riƙe filayenta da ba su da mai su. Ƙari a kan haka, kuɗin hayar ƙasan teku a Teksas asusun makarantun gwamnati yake shiga. Duk wanda ya taɓa shi, a idon mutanen jihar, ya taɓa karatun 'ya'yansu.

Ran 5 ga Yuni 1950 kotu ta kayar da Luwiziyana da Teksas rana ɗaya. A ta Teksas alƙalai 4 ne suka rinjayi 3. Mai shari'a William Douglas ya ɗauko ƙa'idar nan ta kafaɗa da kafaɗa, wadda ta ba Alabama nasara a 1845, ya juya ta: tun da kowace jiha daidai take da 'yar'uwarta, ko da Teksas ta mallaki ƙasan teku tana jamhuriya, ta ajiye shi a bakin ƙofa ranar da ta shigo, domin ba za ta fi sauran ba.

Daga nan magana ta bar zauren kotu ta koma dandalin siyasa. Abin mamaki, ba jihohin gaɓa kaɗai suka fusata ba. Manyan lauyoyin jihohi da yawa da ko ƙamshin teku ba sa ji sun mara musu baya, don tsoron kada gobe a ce tafkunansu da kogunansu ma tsaron ƙasa ya hau kansu. A ɗaya ɓangaren, Sanata Lister Hill na Alabama ya kawo shawarar a bar man a hannun tarayya, a zuba kuɗinsa a ilimin yaran ƙasar baki ɗaya. Wato kowane ɓangare da allon ɗan makaranta ya fito yaƙi. A 1952 majalisa ta sake zartar da ƙudurin sallamawa, Truman ya sake ƙin sa hannu, har ya kira yunƙurin fashi da rana tsaka.

Shekarar zaɓe ce. Dwight Eisenhower na jam'iyyar Rifablikan, wanda a Teksas aka haife shi, ya yi alkawarin sa hannu. Adlai Stevenson na Dimokurat ya ƙi yin wannan alkawari. Gwamnan Teksas Allan Shivers, ɗan Dimokurat, ya juya wa ɗan takarar jam'iyyarsa baya ya yi wa Eisenhower aiki, jihar da sau ɗaya tak ta taɓa zaɓen ɗan Rifablikan, a 1928, ta sake yi. Price Daniel, babban lauyan jihar da ya tsaya mata a kotu, ya zama sanata a wannan zaɓen. Kwanaki kaɗan kafin ya sauka a Janairun 1953, Truman ya ba da umarnin keɓe man a matsayin ajiyar sojan ruwa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Masu adawa a Majalisar Dattawa sun yi ta jan lokaci. Sanata Wayne Morse shi kaɗai ya yi sa'a 22 da minti 26 yana magana. Ran 22 ga Mayu 1953 Eisenhower ya sa hannu a Dokar Ƙasashen Ƙarƙashin Ruwa.

Ga abin da dokar ta yi. Ta ba kowace jihar gaɓa mallakar ƙasan teku da arzikinsa har mil 3. A mashigin tekun Meksiko kuwa, jihar da ta iya tabbatar da cewa iyakarta ta wuce haka lokacin da ta shiga tarayya, ko majalisa ta taɓa amince mata, za ta iya kaiwa lig 3. Tarayya ta riƙe ikonta a kan zirga-zirgar jirage, kasuwanci da tsaro. Dokar ba ta ce kotu ta yi kuskure ba. Majalisa ta yi amfani ne da ikonta na kyautar da dukiyar tarayya, kuma a 1954 kotu ta tabbatar mata da wannan iko. Ran 7 ga Agusta 1953 aka sa hannu a doka ta biyu, wadda ba a yi mata ganga ba: duk abin da ke gaba da rabon jihohi, har ƙarshen dakalin nahiya, tarayya ce za ta ba da hayarsa ta karɓi kuɗin.

Wa ya ci riba?

A lokacin an ce jihohi sun yi nasara. Amma tun a Nuwambar 1947 kamfanin Kerr-McGee ya riga ya samu mai a gaɓar Luwiziyana a wurin da ba a hango tudu, kimanin mil 10 daga gaɓa. Can masana'antar ta nufa, kowace shekara tana ƙara nisa da zurfi. Tarayya ta yi gwanjon hayarta na farko a 1954, kuma da tafiya ta yi tafiya, mafi yawan man tekun Amurka daga ruwan tarayya ya riƙa fitowa. Jihohi sun karɓi zirin da aka yi ta hayaniya a kansa, babban rabo yana cikin doka ta biyu.

A 1960 kotu ta tace iƙirarin jihohin mashigin Meksiko. Teksas ta samu lig 3 saboda tarihinta. Fulorida ma ta samu a gaɓarta ta yamma, domin tsarin mulkinta na 1868 ya ambaci wannan nisa, kuma majalisa ta amince da shi lokacin da aka mai da jihar cikin tarayya bayan yaƙin basasa. Luwiziyana, Misisipi da Alabama suka tsaya a mil 3. A 1975 jihohin tekun Atlantika suka zo da takardun da sarakunan Ingila suka ba kakanninsu, kotu ta ce su ma mil 3.

Tsugune ba ta ƙare ba, domin mil 3 daga ina? Gaɓar Luwiziyana fadama ce da tsibiran laka, kogin Misisipi yana ginawa, teku yana ci. Shari'ar jan layinta ta kai har farkon shekarun 1980. Ko layin cikowar ruwa ba a auna shi da ido: tun 1935 kotu ta ce sai an ɗauki matsakaicin cikowar shekara 18.6, tsawon wani zagaye na wata. A Alaska an yi shekaru ana gardama a kan wani tarin tsakuwa da ƙanƙara da ake kira Dinkum Sands, kusa da rijiyoyin Prudhoe Bay. In tsibiri ne, jiha za ta auna mil 3 daga kansa. A 1997 kotu ta ce ba tsibiri ba ne, tun da ruwa yakan shanye shi sau da yawa.

Akwai kuma abin da layin mallaka ba ya iya tarewa. A Janairun 1969 wata rijiya ta fashe a ruwan tarayya kusa da Santa Barbara, ɗanyen mai ya malale rairayin Kalifoniya, ya kashe tsuntsaye dubbai. Kuɗin haya na Washinton, ɓarna ta mutanen gaɓa. Luwiziyana ta daɗe tana irin wannan kuka: bututu da magudanan da aka yanka don hidimar rijiyoyin tarayya ta cikin fadamunta suka ratsa. Amsar da aka bayar ba sake jan iyaka ba ce, rabon kuɗi ne. A 1986 aka ba jihohi kashi 27 cikin ɗari na kuɗin da ke fitowa daga mil 3 na farko na ruwan tarayya, domin tafkin mai na ƙarƙashin ƙasa bai san layi ba, ana iya zuƙe na jiha daga can gefe. A 2006, shekara guda bayan guguwar Katrina, aka yi dokar da ta ware wa Alabama, Luwiziyana, Misisipi da Teksas kashi 37.5 na kuɗin wasu hayoyi, tare da ƙayyade iyakar abin da za su karɓa a shekara.

Wannan shi ne abin da ya kamata ɗalibi ya kama: tambayar wa ke da wurin daban take da tambayar wa zai ci nawa. Kotu takan amsa ta farko, kuma kusan kullum tarayya take ba gaskiya. Ta biyun a teburin siyasa ake warware ta. Haka aka yi a Kanada, inda kotu ta ba tarayya gaskiya a 1967 da 1984, sannan a 1985 aka yi yarjejeniyar da ta bar wa lardin Newfoundland kuɗin mansa. Haka aka yi a Ostireliya, inda jihohi suka faɗi a kotu a 1975, aka ba su mil 3 ta hanyar sulhu a 1979.

Mu dawo gida

A Nijeriya ba a ma buɗe ƙofar gardamar mallaka ba. Dokar man fetur ta 1969, da sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999, sun danƙa duk ma'adinai, mai da iskar gas, na tudu da na ruwa, ga gwamnatin tarayya. Abin da ake ja a kai shi ne kason da ake mayar wa jihar da aka haƙo arziki daga cikinta. Tsarin mulkin 1960 da na 1963 sun ba kowane yanki kashi 50 na kuɗin haya da kason ma'adinai, kuma sun faɗa a fili cewa wajen wannan lissafi dakalin nahiya na yankin da yake gabansa ne. A 1971 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi dokar soja da ta kwashe kuɗin man teku gaba ɗaya zuwa tarayya. Daga nan aka samu bambancin man tudu da man teku. Kason kansa ya yi ta raguwa har ya taɓa komawa kashi 1.5, kafin sashe na 162(2) na tsarin mulkin 1999 ya ce kada ya gaza kashi 13.

Amma kashi 13 na wane mai? A 2001 gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo ta kai jihohi 36 Kotun Ƙoli domin a fayyace inda iyakar jihohi 8 na gaɓa ta tsaya: Legas, Ogun, Ondo, Delta, Bayelsa, Ribas, Akwa Ibom da Kuros Riba. Ran 5 ga Afrilu 2002 kotu, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, ta ce iyakar ita ce layin janyewar ruwa, daidai inda kotun Amurka ta tsaya a 1947. Akwa Ibom, wadda kusan duk manta a teku yake, ta wayi gari kamar ba jihar mai ba.

Nan ma siyasa ta karɓa. Majalisar Tarayya ta so a lissafa wa jihohi har ƙarshen dakalin nahiya, Obasanjo ya ce mil 24, aka yi ta ja. A 2004 aka daidaita a kan wani awo da ba na nisa ba ne, na zurfi ne: duk man da aka haƙo daga gaɓa zuwa inda zurfin ruwa ya kai mita 200, za a ɗauka daga jihar ya fito. Manyan rijiyoyin can ciki irin su Bonga, da ke ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000, suna wajen wannan layi.

A nan ne maganar ta shafi mai zaune a Kano ko Sakkwato kai tsaye. Kashi 13 ana cire shi ne kafin a raba sauran tsakanin tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi, saboda haka duk gangar da aka shigar cikin layin mita 200 tana rage abin da ya saura a tukunya. Jihohi 22, wato 19 na Arewa da 3 na Kudu maso Yamma, suka ƙalubalanci dokar, suna cewa majalisa ta faɗaɗa iyakar wasu jihohi ta bayan gida. A Disambar 2005 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar: dokar ba ta matsar da iyakar kowa ba, ba ta mallaka wa kowa teku ba, hanyar lissafin kuɗi kawai ta shimfiɗa. Mai cewa teku na 'yan ƙasa duka ne yana da hujja. Shi ma masuncin da mai ya kashe wa kifi a gaɓar Akwa Ibom yana da tasa, kuma ba ta fi ta farko rauni ba.

Kuros Riba ce ta ɗanɗana ɗacin layi fiye da kowa. A Oktoban 2002 Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakassi, aka kammala miƙa shi a Agustan 2008. Da Bakassi ya tafi, hukumomin tarayya suka ce jihar ba ta da sauran gaɓar da ke fuskantar buɗaɗɗen teku, suka mayar da rijiyoyi 76 cikin lissafin Akwa Ibom. Kuros Riba ta kai ƙara, a Yulin 2012 Kotun Ƙoli ta ce ba ta cikin jihohin gaɓa kuma, don haka ba ta da rabo a waɗannan rijiyoyi.

Aikin aji

1. Wata rijiya tana nisan kilomita 12 daga gaɓa. Wa zai ba da hayarta in a gaban Teksas take? In a gaban Luwiziyana fa? Ku nuna lissafinku, ku kuma faɗi dalilin tarihi da ya kawo bambancin.

2. Amurka ta ja layinta da nisa, Nijeriya da zurfi. Ku ɗauki jihohi biyu, ɗaya ƙasan tekunta yana gangarawa a hankali, ɗaya yana ruftawa kusa da gaɓa. Wacce awon mita 200 ya fi yi wa daɗi?

3. Ku rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya ya tsaya wa jihohi 22 da suka kai ƙara, ɗayan ya tsaya wa jihohin gaɓa. Kafin kowane ɓangare ya kawo hujjarsa, sai ya fara faɗin hujjar abokin hamayyarsa yadda shi abokin hamayyar zai yarda an faɗe ta daidai.